Hannun Da Ya Raba Tayil Ɗin Dogo

Sati uku ke nan Auta ba ta iya haɗa ido da kowa a gidansu. Ko madubi in ta tsaya gabansa, ɗaura ɗankwali kawai take yi ta wuce, don ba ta son ganin mai fuskar.

Da safen nan tana shirin fita shago ta ji Baba yana ƙwala mata kira daga falo. Tun kafin ta ɗaga labule ƙamshin turare ya gaya mata wanda ke ciki. Injiniya ne, mai kamfanin tayil ɗin bakin titi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana juya makullin mota a yatsa.

"Zo ki gani," in ji Baba, yana miƙo mata wata takarda mai sheƙi. "Zo ki ga abin da ake kira ƙwaƙwalwa. Tayil ba siminti, ba gam! Ka ajiye wannan, ka tura wancan, su kama juna ƙam. Har ya shigar da takardunsa ofishin rajista, nan gaba ba mai ikon yin irinsa sai da izininsa."

Auta ta karɓa. Ba sai ta duba ba, ta san hoton da ke jiki. Ta san kowace tsaga da kowane lanƙwasa, ko an rufe mata ido za ta zana su.

"Ya yi kyau," ta ce, murya can ƙasa.

"Ya yi kyau kawai? Ke fa matsalarki ke nan. Ga mutum mai tunani yana binki shekara guda, kin nace wa mai rarrafe a ƙasan mutane, gwiwa duk siminti. Ni na gaji, Auta. Ba zan ɗaura miki aure da wanda ba kya so ba, amma wallahi muddin ina numfashi wancan yaron ba zai zauna a falon nan a matsayin suruki ba."

Ta sunkuyar da kai. Injiniya ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Baba a yi mata haƙuri, yarinta ce."

Yarinta! Mace mai shekara ashirin da shida, wadda ita ke riƙe da shagon kayan ginin ubanta tun daga safe har yamma. Amma haka mutumin nan yake, ya iya zuba magana mai laushi kamar man shafawa.

Da ta fito ya biyo ta har bakin ƙofa.

"In rage miki hanya?"

"Ka ji tsoron Allah," ta ce ba tare da ta kalle shi ba. "Ka san ba naka ba ne."

"To na wa ne? Wanda ya fara kai takarda shi ke da abu, ki tambayi kowane lauya." Ya matso kaɗan ya rage murya. "Kuma ni ban shiga ɗakin kowa na yi sata ba. A gaban mahaifinki aka nuna min, da hannu mai lalle. Kin gaya wa Dogon naki haka? Ko in taya ki?"

Ta bar shi tsaye ta kama hanya, hawaye na zuba ba ta ko share su.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san wutar da yarinyar nan ta kunna wa kanta.

Dogo mai sa tayil ne. A shagon Baba suka haɗu, yana zuwa sayen siminti da gam, yana tsayawa yana yi mata ƙorafin sana'arsa har ta saba da muryarsa. Abin da ke ci masa rai shi ne ɓarna. Bututu ɗaya zai fashe a ƙarƙashin ɗaki, sai a sa guduma a farfasa aikin sati biyu. Ɗan haya zai ƙawata ɗaki da guminsa, ranar tashi ya bar wa mai gida komai.

Shekara biyu ya yi yana zane a bayan buhun siminti. Yayansa maƙeri ne, shi ya riƙa ƙera masa mazubin ƙarfe, a zuba a gwada a watsar, a sake. Sai a karo na goma sha ɗaya abin ya kama.

Kowane tayil yana da harshe a gefe biyu, da tsaga a sauran biyun. A ƙasansa kuma akwai wata ƴar ƙugiya kamar lanƙwasasshen yatsa, ita ce asirin duka. In biyu suka haɗu, ko ƙarti biyu suka ja ba za su rabu ba. Sai ka ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ka tura shi hagu, sannan ya saki kamar bai taɓa kamawa ba.

Biyun farko da suka fito lafiya, Auta ya kawo wa, a nannaɗe cikin tsohuwar rigarsa.

"Naki ne," ya ce. "Amma don Allah ko Mama kada ta gani. Lauya ya ce kafin in shigar da takarda, duk wanda ya ga ƙasan nan ya ga komai."

Ta yi masa alkawari har da rantsuwa.

Ba a yi kwana goma ba Baba ya sake kiran Dogo lebura a gabanta. Ranta ya ɓaci, ta shiga ɗaki ta ɗauko su ta ajiye a tsakiyar falo, a haɗe. Nufinta Baba kaɗai ya gani, ya san wanda take so ba wawa ba ne. Ana cikin haka Injiniya ya yi sallama.

Ya ɗauka ya ja, ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya fashe da dariya.

"Haba Baba, yaudarar yara ce. Gam ya shafa ya bari ya bushe. Ai mun san irin waɗannan."

Baba ma ya sa dariya.

Dariyar nan ce ta kashe ta. Da ta haɗiye ta, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma ina! Zuciya ta ɗebe ta, ta fizge tayil ɗin daga hannunsa.

"Ba haka ake yi ba. Duba nan."

Ta ɗaga gefe, ta tura hagu, suka rabu. Har ta juya masa ƙasan ta nuna masa ƙugiyar da yatsa, tana jin daɗin yadda dariyarsa ta tsaya cak. Baba kuwa ko kallo bai yi ba, don shirmen yara ya ɗauki abin, sai ma ya aike ta kawo shayi. Da ta dawo, wayarsa na hannunsa, tayil ɗin na kan cinyarsa a kife.

Bayan wata biyu Dogo ya gama haɗa takardunsa ya kai, lauya ya dawo masa da labarin an riga shi. Kamfanin Injiniya, zane iri ɗaya, har lanƙwasar ƙugiyar.

A ranar ya tambaye ta sau ɗaya tak.

"Naki suna nan, ko?"

"Suna ƙasan akwatina," ta ce. "Ba wanda ya gani."

Ita kanta ba ta san lokacin da ƙaryar ta fito ba. Tsoro ne kawai, tsoron ganin fuskarsa ta canza. Shi kuwa ya gyaɗa kai, har yana ba ta haƙurin ya tambaya. Daga nan zarginsa ya koma kan mutum ɗaya da ya rage. Yayansa ya san ƙugiyar ciki da waje, kuma yakan yi wa kamfanin Injiniya gyaran ƙarafa lokaci-lokaci. Dogo ya je maƙera da rana tsaka, a gaban masu kawo aiki, ya kira wansa ɓarawo.

To kun ji nauyin da Auta ke ɗauke da shi da safen nan.

Maimakon shago, ƙafafunta suka kai ta wani sabon gini a ƙarshen layin, inda Dogo ke aiki. Babu ƙofofi tukuna, tagogin ma ramuka ne. Tun daga waje take jin ƙwas-ƙwas ɗin gudumar roba.

Yana durƙushe a tsakiyar babban ɗakin, zare a miƙe daga bango zuwa bango, bokitin kwaɓaɓɓen siminti a gefensa. Yana shafawa, yana ɗora tayil, yana bubbugawa. Aikin da ya rantse ya kusa rabuwa da shi, ga shi ya dawo masa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ki bi ta kan katakon nan," ya ce da ya hango ta. "Wancan gefen bai bushe ba."

Ta bi a hankali ta tsaya kusa da shi. Ya ɗago ya yi mata murmushin gajiya.

"Ke ma kin rame. Na ce ki daina sa abin nan a ranki. Laifin wani ne, ke kike hana kanki abinci."

Kowace kalma tasa kamar ana caka mata allura. Da zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Ya jikin Umma?" ta tambaya, tana nufin mahaifiyarsa.

Ya ajiye gudumar. "Tana nan dai. Kuka take yi kullum, wai in je in ba Yaya haƙuri. In ba shi haƙurin me? Shekara biyu, Auta. Har kekena na sayar saboda ƙarfen nan. Uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya ni a bayansa, shi ya kai ni wurin koyon aiki. Ashe jira yake abu ya nuna ya tsinke."

"Wataƙila ba shi ba ne."

"Kullum haka kike cewa. Zuciyarki ce mai kyau." Ya goge hannu a wando. "Yau dai zan kawo ƙarshen zancen. Ƙarfe biyu zan ga lauya. Ya ce in har muka nuna yadda zanen ya fita daga hannuna, akwai hanyar ƙalubalantar rajistar. Dole sunan Yaya ya shiga takarda. A kira shi ya yi bayani a gaban alƙali."

Ta dafa bangon da ba a yi wa fenti ba.

"Kotu? Yayanka za ka kai kotu?"

"Shi ya kai kansa."

"Don Allah ka bari. Don darajar Umma, ka ƙara ko sati ɗaya."

"Sati ɗaya na me? Jiya Babanki ya aiko min a gaya min in fita harkarki, wai ya samo miki wanda ya ƙirƙiro tayil. Tayil ɗina, Auta! Da abina ake neman matar da nake so. In ban ƙwato shi ba, da me zan tsaya gaban mahaifinki?"

Ta buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro ta koma. Sau nawa ke nan? Ta tsara ta a ɗaki, ta tsara ta a hanya, amma da zarar ya kalle ta da idanun nan da suka yarda da ita, sai harshenta ya mutu.

Sai suka ji takun mutum mai ɗauke da kaya.

Yaya ne. Gajere, kakkaura, hannayensa duk tabon wuta. Ya shigo da buhu a kafaɗa, bai yi sallama ba, ya sauke shi a bakin ƙofa. Ƙarar ƙarfe ta cika ɗakin.

"Ga mazubanka," ya ce. "Duka goma sha ɗaya, har waɗanda suka lalace. Ka ƙirga, kada gobe a ce na ɓoye ɗaya."

Dogo ya miƙe tsaye, fuska a murtuke. "Yanzu da ka gama kwafa?"

Yaya ya dubi Auta ya ce, "Ƙanwata, ina kwana. Ki yi haƙuri kin tarar da mu haka."

Ta kawar da kai gefe.

Ya juya ga ƙanensa. Muryarsa ba ta tashi ba, rawa kawai take yi.

"Tun ranar da ka zo maƙera, mutum uku sun janye aikinsu. Wani ya ce ba zai bar zanensa wurin wanda ya cuci ɗan'uwansa ba. Wannan duk ban damu ba. Shekaranjiya babbar ƴata ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata ubanta ɓarawo ne. Ta tambaye ni, Abba da gaske ne? Ka san abin da na ce mata? Na ce Baffanki ba ya ƙarya, amma wannan karon ya yi kuskure. Har yanzu kare ka nake yi a gaban ƴaƴana."

"Ka ajiye wannan ka faɗa wa alƙali."

Idanun Yaya suka kaɗa suka yi ja.

"Alƙali," ya maimaita a hankali. "To shi ke nan. In an kira ni zan zo. Abu ɗaya nake roƙonka, kada Umma ta ji. Ba za ta ɗauka ba."

Ya juya zai fita. Babban mutum, ya sa bayan hannu yana goge ido kamar yaro.

Wannan ne Auta ta kasa gani.

"Yaya, tsaya!"

Suka juyo su biyun. Ta zube a kan katakon.

"Ni ce. Wallahi ba Yaya ba ne, ni ce."

"Ke ce me?" in ji Dogo. Har ya ɗan yi dariya, ya ɗauka ceton wansa take son yi. "Tashi, za ki ɓata kayanki."

"Ni na nuna wa Injiniya. A falonmu. Baba nake so ya gani, don ya daina ce maka lebura, sai ga shi ya shigo. Ya ja ya kasa, ya ce gam ka sa, suka yi ta dariya. Na kasa jurewa, Dogo. Na karɓa na raba su a gabansa. Na ɗaga, na tura hagu, yadda ka koya min. Har ƙugiyar na nuna masa da yatsana. Da na je kawo shayi ya ɗauki hoto."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ba abin da ke motsi a ɗakin sai zaren da iska ke kaɗawa.

"Kin ce suna ƙasan akwati," ya ce can.

"Suna nan. Amma an gani. Ƙarya na yi maka."

"Na tambaye ki."

"Ka tambaye ni. Na ji tsoro. Na ce gobe zan faɗa, gobe ta zo na ce jibi. Da na ji abin da ka yi a maƙera sai tsoron ya ninku. Kullum da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ka zage ni, ka yi min duk abin da ka ga dama, amma kada ka kai Yaya kotu. In lauya na son suna, ga nawa. Zan tsaya gaban alƙali, a gaban Baba, in faɗi yadda aka yi."

Dogo bai dube ta ba. Wansa yake kallo, kamar yau ya fara ganinsa. Sai ya taka, bai bi ta katako ba, ya bi ta kan ɗanyen aikinsa tayil na nutsewa a ƙarƙashin ƙafarsa, har ya isa bakin ƙofa. Ya durƙusa ya kama ƙafafun Yaya da hannu biyu.

"Yaya..."

Kafaɗunsa suka shiga rawa.

"Tashi," in ji Yaya. "Tashi mana, ya isa. Kai ɗin wa nake da shi in ba kai ba?" Ya ɗago shi da ƙarfi ya rungume. Ta saman kafaɗar ƙanensa ya dubi Auta, ba fushi a fuskarsa, tausayi ne, kuma shi ya fi yi mata ciwo.

Da Dogo ya juyo, fuskarsa ta bushe. Ba ta taɓa ganinsa haka ba.

"Sau nawa kika zo wurina tun ranar?"

"Ban... ban sani ba."

"Sau bakwai. Ni na sani, don zuwanki kaɗai nake jira. Sau bakwai kina tsaye ina tsine wa wana, kina ce min in yi haƙuri. Ranar da Umma ta faɗi kina nan, ke kika riƙe mata hannu."

"Dogo, saboda ina sonka ne, tsoron rasa ka..."

"Kada ki sa so a ciki."

Yaya ya dafa shi. "Kai, a hankali. Yarinyar nan ba don mugunta ta yi ba. Kuma da ta so, da ta yi shiru na fita."

"Na sani, Yaya."

Auta ta rarrafo har ƙarshen katakon, ɗankwalinta ya zame ba ta kula ba.

"Ka yafe min. Don Allah ko kalma ɗaya, ka ce ka yafe."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga son yana nan a idonsa bai tafi ba, ta kuma ga abin da ya tsaya a gabansa.

"Tayil ɗin na yafe miki," ya ce a hankali. "Da a ranar kika faɗa min, da faɗa zan yi in huce, in koma in zana wani. Kaina bai ƙare ba. Amma kin bar ni na ci mutuncin wanda ya raine ni, kina kallo. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba."

Ya sunkuya ya ɗauki buhun mazuban ya saɓa a kafaɗarsa.

"Mu je wurin Umma, Yaya. A gabanta zan ba ka haƙuri, sannan mu je maƙera in faɗa a inda na faɗi wancan."

Suka fita tare. Auta ta miƙe da ƙyar ta bi su har bakin ginin, tana kiran sunansa, muryarta na fashewa.

A kwanar layin mutum ɗaya ya waiwayo ya ɗaga mata hannu. Yaya ne.